Jan Kati Biyu: Zidane, Sani Kaita da Yaran Filinmu

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamaina na boko da na allo, masu horar da 'yan wasa, da ku samarin da kuka taso daga Faskari da Sabuwa da ƙauyukan Ƙanƙara, barkanku da zuwa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Duk wanda ke bin hanyoyin yankin nan ya san nauyin wannan addu'a.

Da aka ji zan yi magana a kan wani tsohon ɗan ƙwallon Faransa, wani dattijo ya tare ni ya ce, "Malam, me ya haɗa mutanen Ƙanƙara da Bafaranshe?" Na ce masa, Baba, ka leƙa gidan kallo ranar da Real Madrid ke wasa, za ka tarar da jikokinka a can. Mutumin da suke kira Zidane kuwa, in ka karanta sunansa yadda iyayensa suka raɗa masa, Zainuddini Yazidu Zaidan ne. A gidansu Yazidu ake kiransa.

An haife shi ranar 23 ga Yuni 1972 a birnin Marseille, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa Isma'il ɗan ci-rani ne daga ƙauyen Aguemoune na yankin Kabiliya a Aljeriya, ya tsallaka Faransa a 1953, ya yi leburanci, ya yi gadi. Unguwarsu, La Castellane, unguwar talakawa ce da baƙin haure, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin aiki da miyagun ƙwayoyi. A dandalin siminti na tsakiyar unguwar yaron ya koyi taɓa ƙwallo. Siminti da ɗan fili ƙanƙani su suka koya masa riƙe ƙwallo a ƙafa kamar an ɗaura masa da zare, domin wanda ya sake ta a irin wannan wuri ba zai ƙara ganinta ba.

Yana da shekara 14 wani mai farauto wa ƙungiyar Cannes yara, Jean Varraud, ya gan shi ya ɗauke shi. Ku riƙe sunan wannan mutum, zan dawo kansa. Daga Cannes ya koma Bordeaux a 1992, Juventus ta Italiya a 1996, sai Real Madrid a 2001 a kan kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da su ba a wancan lokaci. Ranar 12 ga Yuli 1998 ya sa wa Brazil ƙwallo biyu da ka a wasan ƙarshe na kofin duniya, Faransa ta ci 3 da nema, karo na farko a tarihinta. Ya ɗauki kofin Turai da ƙasarsa a 2000. A 2002, a Glasgow, ya tari ƙwallo tun tana sama da ƙafar hagu ya narka ta a ragar Bayer Leverkusen, ƙwallon da har yau yaranmu ke nuna wa juna a waya. Ya buga wa Faransa wasa 108, ya ci ƙwallo 31.

Wannan duk kun sani, wasunku sun fi ni sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutumin nan yana da zuciya. A fili shiru-shiru ne, mai kunya, ba ya yawan magana, amma in aka taɓa shi ba ya ji ba ya gani. Sau 14 aka ba shi jan kati a rayuwarsa ta wasa. A gasar 1998 ɗin ma da ya zama gwarzo, an kore shi a wasansu da Saudiyya saboda ya taka wani ɗan wasa da ke ƙasa, aka dakatar da shi wasa biyu. A 2000 ya tunkuyi ɗan wasan Hamburg da ka, aka hana shi wasa biyar.

Sai ranar 9 ga Yuli 2006 a Berlin. Wasan ƙarshe na kofin duniya, Faransa da Italiya, kuma duniya ta san daga wannan wasa zai rataye takalmi. Shi ya fara cin fenariti a minti na 7, Marco Materazzi ya rama a minti na 19. Aka shiga ƙarin lokaci. A minti na 110 Materazzi ya riƙe masa riga, suka yi musayar magana, Materazzi ya zagi 'yar'uwarsa, kamar yadda shi da kansa ya amsa daga baya. Zidane ya yi gaba kamar ya wuce, sai ya juyo ya kai masa karo a ƙirji. Alƙalin wasa Horacio Elizondo ya ɗaga jan kati. Ya fita ya wuce ta gefen kofin bai ko dube shi ba. Italiya ta ci 5 da 3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Bahaushe ya san zafin zagin uwa da 'yar'uwa, don haka da yawanmu a ranar mun ce ai da gaskiyarsa. Ni ban ce haka ba, kuma har yau ban ce ba. Kyaftin ne, shekararsa 34, mutum goma na dogara da shi, ya bar su a lokacin da suka fi bukatarsa. Laifi ne. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Washegari Shugaba Jacques Chirac ya karɓi 'yan wasan a fadarsa, ya yabi Zidane a gaban jama'a. An ba shi kyautar gwarzon gasar. Ya fito a talabijin ya nemi afuwar yaran da suka kalli abin. Da FIFA ta yanke masa hukunci, ya amince ya yi kwana uku yana hidima wa yara a madadin dakatarwar, tunda ya riga ya bar wasa. Real Madrid ta jawo shi jiki, ya yi mataimakin Carlo Ancelotti a 2013, ya horar da ƙaramar ƙungiyarta, sannan a Janairun 2016 aka damƙa masa babbar. Mutumin da ya kasa riƙe zuciyarsa a Berlin shi ya riƙe ɗakin da ke cike da taurari masu ji da kai, ya ɗauki kofin zakarun Turai sau uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, abin da wani koci bai taɓa yi ba.

Yanzu mu dawo gida. Shekara huɗu bayan Berlin, ranar 17 ga Yuni 2010, Najeriya ta kara da Girka a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu. A tsakiyar fili akwai ɗanmu, Sani Kaita, haifaffen Kano a 1986, mai ɗauke da sunan wani gari na jiharmu ta Katsina. Ba a tsinto shi a hanya ba. Daga Kano Pillars ya taso. Yana cikin yaran koci Samson Siasia da suka kai wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, inda Messi ya ci su da fenariti biyu. Yana cikin waɗanda suka kawo wa ƙasar nan lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Ya yi wasa a Sparta Rotterdam, sannan Monaco da ke gasar Faransa ta saye shi, ta riƙa ba da aronsa ga ƙungiyoyin Rasha. Irin ɗan wasan nan ne da ke aikin wahala a tsakiya, ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa wanda za a yi wa tafi.

Kalu Uche ya ci mana a minti na 16. Muna gaba. A minti na 33 ƙwallo ta fita, Kaita da Vasilis Torosidis suka yi 'yar hatsaniya a bakin layi, Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Jan kati. Ya ja riga ya rufe kansa ya fita. Girka ta rama kafin hutun rabin lokaci, Torosidis ɗin nan kuma shi ya ci ta biyu a minti na 71.

A gidan kallo na ga wannan wasa, kuma ba zan manta abin da kunnena ya ji ba. Mutanen da minti goma kafin nan ke alfahari da cewa ga Bahaushe a kofin duniya, su ne suka shiga tsine masa har da iyayensa. Kakakin tawagar ya shaida wa duniya cewa saƙonnin barazanar kisa da aka aiko masa sun haura dubu. Yaro ne mai shekara 24. Ya fito ya ba ƙasa haƙuri, ba a saurare shi ba. Aka mayar da sunansa abin zolaya, duk wanda ya yi wauta a ce ya yi Kaita. Alhali ko bayan wannan wasa da mun ci Koriya ta Kudu a Durban da mun wuce, kuma kowa ya ga damar da aka ɓarar a bakin raga a ranar, Kaita kuwa ba ya cikin fili. Daga nan rayuwarsa ta wasa ta zama yawo: Yukren, Girka, Saifurus, ya dawo Enyimba, ya ƙare a Finland. Ba zan ce jan katin ne kaɗai ya jawo haka ba, rauni da shekaru na da nasu rabo. Amma ina tambayar kaina, mu da muke kiran kanmu 'yan'uwansa, wa ya tsaya masa?

Na san za a ce, ai Zidane ya riga ya kawo wa Faransa kofi, yafe masa bai da wuya. Gaskiya ne, kuma kada wani ya fita daga nan yana cewa na ce Faransawa sun fi mu tausayi. A ranar nan ta 17 ga Yuni 2010 da Kaita ya karɓi katinsa, Nicolas Anelka ya gaya wa kocin Faransa baƙar magana a hutun rabin lokacin wasansu da Meziko, aka kore shi daga gasar, aka kuma dakatar da shi wasa 18. 'Ya'yan baƙin haure a ƙasar sun daɗe suna kukan cewa in sun ci su 'yan ƙasa ne, in sun faɗi sai a tuna musu inda kakanninsu suka fito. Saboda haka ba fadar Chirac nake so ku duba ba. Ku duba Cannes.

Lokacin da yaron nan ya isa Cannes, an ga zuciyarsa tun daga farko. An ruwaito cewa ya taɓa naushin wani abokin karawa da ya yi masa gorin unguwarsu, aka hukunta shi da aikin shara da goge-goge na makonni. Ba a mayar da shi La Castellane ba. Wani jami'in ƙungiyar, Jean-Claude Elineau, ya ɗauke shi ya sa shi cikin iyalinsa, yana ci yana kwana tare da 'ya'yansa. Varraud kuma bai ce aikina ya ƙare tunda na kawo shi ba, ya ci gaba da zama da shi yana nuna masa yadda zai zuba wannan zafi cikin wasa. Ba su raba shi da zuciya ba, Berlin ta nuna haka. Abin da suka yi shi ne suka hana zuciyar cinye shi yana ɗan shekara 15, har ya samu shekara goma sha bakwai yana wasan da duniya ta shaida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mu muke da karin maganar, amma su suka yi aiki da ita a kan ɗan wani.

To mu fa? Kowace unguwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tana da fili, ko na firamare ko fegin da ba a gina ba, kuma kowane fili yana da yaron da ya fi kowa iya wasa kuma ya fi kowa saurin hannu. Kun san shi, kowannenku yanzu akwai sunan da ya faɗo masa a rai. In aka sa gasar unguwanni, shi ne zai mari alƙali, a tashi baram-baram, a ce daga yau kada a ƙara sa shi. Mu dattawa kuma sai mu ce da ma ƙwallo shashanci ce, a rufe gasar a huta. Ina yaron nan yake zuwa bayan mun kore shi? Gonar da zai je ta yi nisa da gari, ba ta nomuwa saboda tsaro. Majalisar 'yan ƙwaya kuwa ba ta korar kowa, masu ɗaukar yara aiki a daji su ma ba sa tambayar ko yana da jan kati.

Yaran da ke buga ƙwallo a filayenmu yau sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Garin nan na Ƙanƙara ne aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai, har aka sako 344 bayan kwana shida. Waɗanda aka kora cikin daji a wannan dare yanzu samari ne, ƙannensu kuma sun taso da labarin. Akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu da kayan jikinsu kawai, akwai marayu. Yaron da ke ɗauke da wannan a ƙirji, in ya fashe a fili saboda an yi masa ƙeta, ba ƙetar ce kaɗai ke magana ba. Fili shi ne wuri ɗaya da ya rage inda zai yi fushi a hura usur, a ba shi kati, a dakatar da shi wasa biyu, ya dawo. Wannan dawowar ita nake roƙon kada mu toshe.

Ba mu da makarantar horar da yara irin ta Cannes, kuma filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ya yi wa ɗan Sabuwa nisa. Amma abin da Elineau ya bayar ɗaki ne da kwanon tuwo, abin da Varraud ya bayar kuma zama ne da sauraro. Waɗannan muna da su. Ina roƙon masu shirya gasa, kada ku karɓi rajistar ƙungiyar da ba ta da uba, wato dattijo ɗaya sananne a unguwa, malami ko ɗan kasuwa ko mai unguwa, wanda zai sa hannu cewa yaran nan nasa ne. Ku rubuta hukuncin kowane laifi tun kafin a fara, da ranar da hukuncin zai ƙare, ku karanta wa yara a fili. Wanda ya daki alƙali a hukunta shi, ya share filin, ya ɗebo wa abokan wasa ruwa, ya je har gida ya ba da haƙuri. A daren da aka ba shi katin kuma, uban ƙungiya ya taka ya je ƙofar gidansu, ya yi sallama da shi, su zauna a dakali.

Akwai takarda a wurin sakataren taro a bakin ƙofa. Na rubuta sunana a layin farko, na ɗauki ƙungiyar unguwarmu. Iyayena, Alhazai, malamai, layukan ƙasa na jiran naku kafin a yi addu'ar tashi.