Ƙarin sifirin ba ya ƙara wa mota birki

Zancenmu na wannan mako a kan motocin da ke kai mu kasuwa ne, musamman Hilux da Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ke barin kwalta su shiga burji da rairayi. Su ne ke kwaso dabbobi daga rugage zuwa Maigatari ranar Alhamis, su ne ke zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, da Ƙonni da Illela, har can hanyar Agadas zuwa Dirku. Da yawa cikin masu irin waɗannan motoci, da sun saya sai gareji, a ƙara falle biyu ko uku na sifirin, a sa manyan tayoyi, mota ta tashi sama. Sai a ce yanzu ta zama ta daji.

To, ku makiyaya kun san wannan: in ka ƙara wa jaki kaurin akumari, bayansa ka kare, ƙafafunsa suna nan yadda suke. Haka mota take. Sifirin yana hana bayanta zaunawa ne kawai. Birki da aksil da boris duk na nauyin farko ne. Hilux an ƙera ta don ɗaukar kimanin tan ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da fasinja. Buhu 10 masu kilo 100 sun cika shi. Bijimai uku masu kilo 300 sun kusa cika shi. A da, in lodi ya yi yawa, mota za ta durƙusa kowa ya gani. Da aka ƙara sifirin, ta daina faɗin gaskiya.

Mu fara da birki. In nauyi ya ninka, aikin da birki zai yi kafin mota ta tsaya ya ninka. In gudu ya ninka, daga kilomita 40 zuwa 80, aikin ya ninka sau huɗu. Duk wannan aiki zafi yake zama a cikin ƙarfe. Man birki kuma yana shan laima daga iska. Sabon mai mai lamba DOT 4 yana jure zafi har maki 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen maki 155. Da ya tafasa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Saboda haka a canza shi duk shekara biyu, kuma a gangara a sa ƙaramar giya, inji ya taya birki riƙo.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su san da shi ba. A ƙarƙashin tsofaffin Hilux da Land Cruiser, kusa da tayoyin baya, akwai wani ɗan bawul da aka haɗa da aksil da siririn ƙarfe. Aikinsa auna lodi. In bayan mota ya zauna, sai ya gane an yi kaya, ya ƙara tura mai zuwa birkin baya. In ka ɗaga mota ko ka ƙara taurin sifirin, baya ba zai zauna ba, bawul ɗin zai ɗauka mota ba kowa. Ga tan ɗaya da rabi a kai, ga birkin baya yana aikin motar da ba kaya. Dole bakanike ya sake saita shi bayan ƙarin sifirin. Ku tambaye shi. In bai san da shi ba, ku nemi wani. Haka kuma tiyon robar da ke kai mai zuwa birkin baya: in mota ta ƙara tsawo, a sa wanda ya fi tsayi, don kada ya tsinke lokacin da taya ta faɗa rami.

Sai aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. A Hilux, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, a kan boris ɗaya. In ta karye, taya na iya ficewa gaba ɗaya mota na cikin gudu. Land Cruiser ta ɗaukar kaya galibi tana da irin wanda kwanson aksil ne ke ɗauke da nauyi, sanda juyi kawai take yi, shi ya sa ta fi haƙuri a sahara. Amma ita ma tana da iyaka. Alamomin gajiya uku ne: kuka daga baya wanda ke ƙaruwa da gudu, zafin da hannu ba ya iya jurewa a tsakiyar taya, da mai yana tsattsafowa a cikin rim. Wannan na ƙarshe kada a yi masa jinkiri, domin man yana jiƙa takalmin birki, birkin wannan ɓangare ya mutu. Da damina kuma, in kun tsallaka gulbi ko kwari mai ruwa, ku duba man aksil. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo.

Kusoshin da ke ɗaure sifirin a kan aksil, sababbi ake sawa masu tsawon da ya dace. Ba a yi musu walda, ba a mayar da tsofaffi. Bayan tafiyar farko da lodi, a sake ɗaure su.

Babbar taya tana taimako a rairayi, gaskiya ne. Amma tana rage ƙarfin birki, tana ƙara wa sanda wahala, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da kake yi. Ku karanta lambar nauyi a jikin taya: 100 na nufin kilo 800, 112 na nufin kilo 1,120 ga kowace taya.

Kai kuma makiyayi, ko da motar ba taka ba ce, dukiyarka ce a ciki, wani lokaci da ɗanka a kan kaya. Dabba ba buhu ba ce, motsi take yi. Mota mai tsawo, shanu suka jingina gefe ɗaya a kwana, kifewa ba wuya. Ka tabbata an ɗaure su, manya a gaba kusa da kan mota. Kafin a loda, ka sunkuya ka leƙa cikin tayoyin baya ko akwai mai. In direba sai ya taka birki sau biyu ko uku kafin ta kama, ka jira wata motar. Kasuwa tana dawowa mako mai zuwa.

Masu mota, ba a ce kada ku gyara ba. Hanyoyinmu suna bukatar sifirin mai ƙarfi. Amma ranar da za a ƙara shi, a ware kuɗin birki da boris da shokazoba tare, kada garin neman gira a rasa ido. Sawu biyu da lodin da ya dace sun fi sawu ɗaya da zai ƙare a gefen hanya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa.