Abin da Ido Ba Ya Kamawa: Fashewa, Hoto da Darasin Kimiyya a Firamare

 

An nemi in yi magana a kan koyar da kimiyya a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, wato makarantar kusan kowannenmu. Maimakon in yi ta kewaye-kewaye, na zaɓi abu guda in bi shi, shi ne fashewa. Na san kalmar ba ta da daɗin ji a wannan yanki namu, da an ambace ta sai zuciya ta tafi ga bam. Amma fashewa ta girmi bam nesa ba kusa ba, kuma tana tare da mu kullum, a madafa da gona da sararin samaniya.

Ku ɗauki gugguru, wanda ake sayar wa yaranmu a bakin makaranta. A cikin kowace ƙwayar masararsa akwai ɗan ruwa, kamar kashi 14 cikin 100 na nauyinta, kuma ɓawonta mai tauri ne, ba ya barin tururi ya fita. Idan ta sha wuta, ruwan nan yana neman zama tururi amma babu mafita, sai matsi ya yi ta ƙaruwa, har zafi ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyas. A nan ɓawon zai tsage, farin cikin ya kumbura ya yo waje. Masarar tuwo ba ta yin haka yadda ya kamata, domin ɓawonta yana yoyon tururi. A gona kuma, 'ya'yan zurma idan suka bushe a rana sukan tsage su watsar da irinsu, kuma kowane manomin riɗi ya san abin da zai same shi in ya yi jinkirin yanka. Tsawa ma fashewa ce: walƙiya tana zafafa iskar da ta ratsa zuwa wajen digiri 30,000, iskar ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar ce ke razana mu. Duk labarin ɗaya ne. Abu ya taru a wuri ƙunci, ya matsa, ya sami kafa, ya fita a lokaci guda.

Wahalar koyar da wannan ita ce saurinsa. Yaro yana ganin ƙwaya, sai kuma ya ga gugguru. Abin da ya faru a tsakani, wanda shi ne darasin, ya wuce kafin ƙiftawar ido. Nan ne hoto ya shigo, kuma ina so in ba ku labarin mutum biyu.

Na farko malamin makaranta ne kamarmu, Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Worthington, wanda ya koyar da kimiyya. Tun daga wajen 1875 ya duƙufa a kan tambaya guda da mutane da yawa za su ɗauka wasan yara ce: me ke faruwa idan ɗigon ruwa ya faɗi ya fantsama? Yakan shiga ɗaki mai duhu, ya saki ɗigon zaiba ko na madara, ya shirya tartsatsin lantarki ya haska daidai lokacin da ɗigon ya taɓa ƙasa. Abin da idonsa ya kama a wannan ɗan haske sai ya zana shi da hannu. Ya shekara kusan ashirin yana haka, kuma zane-zanensa gwanin kyau: kowane ɗigo ya baje kamar fure, hannuwansa daidai wa daida, babu wanda ya fi wani. A 1894 shi da abokan aikinsa suka sami damar ɗaukar abin a hoto. Da hotunan suka fito, babu ɗigo ko ɗaya da ya yi kyan na zanen. Wannan gefe ya fi tsawo, wancan ya karkace, wani hannun ya gutsure. Ashe shekara da shekaru zuciyarsa ce ke gyara abin da idonsa ya gani, tana cike giɓi, waɗanda suka fito a karkace kuwa yana ɗaukarsu kuskuren gwaji yana ajiye su gefe. Bai ɓoye ba, ya tsaya gaban masana ya faɗi haka, daga baya ya wallafa littafi da hotunan a 1908.

Muna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Sai dai labarin mutumin nan ya nuna cewa shi ma ganin yana bukatar shaida. Ku tuna yadda muke yi a aji. Mu ce wa yara su zana ganye, yaro ya zano ganyen da ya tsinto da hujin tsutsa a jikinsa, wani ya kwafo na littafi sumul, mu ba na biyun maki mafi yawa. To wanne ne ya yi kimiyya a cikinsu? A ganina na farkon ne, domin shi ya kalli abin da ke gabansa.

Mutum na biyu Ba'amurke ne, Harold Edgerton, malamin injiniyan lantarki a jami'ar MIT. Shi ya inganta fitilar da ke ƙyastawa ta mutu cikin kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce: a duhunta ɗaki, a bar idon kyamara a buɗe, a sa makirfo ya ji ƙarar bindiga ya kunna fitilar. Kyamarar ba ta ga komai ba sai abin da ɗan hasken nan ya nuna mata, don haka abu ya tsaya cak. Da haka ya ɗauki harsashi yana ratsa tuffa a 1964, inda naman tuffar ya feso ta gaba da ta baya, ita kuwa tana nan zaune kamar ba ta san abin da ya same ta ba. Hotonsa da ya fi shahara shi ne na ɗigon madara a 1957, wanda ya tashi kamar kambin sarauta da 'yan duwatsu a bakinsa. Ya fi shekara ashirin yana maimaita ɗigon madarar nan kafin ya samu wannan. Yau hotunansa suna rataye a gidajen adana kayan fasaha, ana kallonsu don kyansu, alhali da aikin injiniya suka faro.

Wani zai ce, Malam, wannan ai zancen masu kuɗi ne, mu da alli ma sai mun haɗa da na aljihunmu. Na ji, kuma a wannan zauren babu wanda zan koya wa halin da muke ciki. Amma wayar da ke aljihun da yawa daga cikinmu tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa idan ana bidiyo, kuma wayoyi da dama suna da tsarin tafiyar hawainiya mai ɗaukar 120 ko 240. Wannan bai kai na Edgerton ba, amma ya ishe mu. A cika balan-balan da ruwa, a rataye a tsakar makaranta da hantsi, domin ɗauka mai sauri tana cin haske. Kafin a huda, a tambayi yara me zai faru, kowa ya zana hasashensa a littafi. Sannan malami ya huda da allura, wani yana ɗauka. Idan aka maido da bidiyon a hankali, yara za su ga robar ta zame ta tattare, ruwan kuma ya tsaya a iska da siffar balan-balan na ɗan lokaci kafin ya zube. Sai kowa ya gwada zanensa da abin da kyamara ta nuna. Ɗigon ruwa a faranti mai duhu ma yana yi, haka gugguru a tukunya mai murfin gilashi. Roƙona kawai, a ɗauki abin da ake gwadawa, a bar fuskokin yara, kuma kada hoton ɗalibi ya hau Facebook ba da sanin iyayensa ba.

Akwai darasin da ko waya ba ya bukata. Ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa yana isowa nan take. Wanda ya taɓa kallon 'yan bindiga daga nesa ranar hawan salla ya san hayaƙi yake fara gani kafin ƙarar ta iso. Da damina, a sa yara su ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ke nan. Ga lissafi, ga kimiyya, ga kuma dalilin da zai sa yaro ya bar gindin bishiya ya nemi ɗaki.

Yanzu ga abin da ya sa ban ɗauki maganar nan wasa ba. A watan Oktoba na 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, a Janairun 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Talauci ne ya kai mafi yawansu wurin, kuma ba malamin firamare ne zai warkar da talauci ba. Amma akwai abin da ya shafe mu. Mutum yana kallon ruwan fetur a kwata yana ganin in ya kiyaye shi ya tsira, bai san abin da ke kamawa da wuta tururin man ne ba, wanda ba a ganinsa, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana malala nesa da inda man ya zube. Tartsatsi ɗaya daga janareto ko ashana ya wadatar. Haka gas ɗin girki yake: ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo yana kwanciya a ƙasan ɗaki. Warin da muke ji ma da gangan ake zuba masa, domin shi kansa kusan ba shi da wari. Yaron aji biyar zai iya riƙe wannan: in ka ji warin gas, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki, rufe tukunyar, buɗe ƙofa da taga, fita ka kira babba. Yara da yawa su ake aike ɗuro gas, su ke ɗauko tukunyar a ka ko a bayan babur.

Sannan akwai masu zuwa wurin hatsari ba don mai ba, sai don su ɗauka a waya. Wasu sukan matsa har inda wuta za ta iya cim musu, daga baya kuma hotunan gawarwakin bayin Allah su yi ta yawo a WhatsApp, wataƙila uwa ta fara ganin ɗanta a nan. Worthington da Edgerton sun ɗauki fashewar da suka shirya da hannunsu, suka san iyakarta, suka tsaya inda ba za ta taɓa su ba. Idan za mu nuna wa yaro yadda ake ɗaukar hoton balan-balan, to a darasin nan ne ya kamata mu gaya masa abin da ba a matsawa kusa da shi, da abin da ba a ɗauka.

Shawarata ga reshe, ya ware Asabar ɗaya a zangon karatu mai zuwa, malaman kimiyya su haɗu a makaranta guda, kowa ya zo da wayarsa da balan-balan da faranti, mu gwada da kanmu kafin mu kai wa yara. A gayyato jami'in hukumar kashe gobara ya yi mana bayanin tukunyar gas da abin kashe wuta, a kuma sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, don kada a ce mun yi gaban kanmu. Bidiyon da ya fi fitowa da kyau sai a tura wa makarantun ƙauye da ba su samu zuwa ba. Ni na ɗauki nauyin balan-balan da allura.