JAN FENTI A BANGON GIDA: Jawabin Da Na Yi Wa Matasanmu Kan Faɗaɗa Titi Da Biyan Diyya

Na san wasu sun rufe shago ne suka zo, wasu sun ajiye babur. Allah Ya saka da alheri.

Tun da aka fara zagawa da jan fenti a bangwayen bakin titi wayata ba ta huta ba. Wani ya kira ya ce, "Shugaba, an shafa wa gidan babanmu, yaya za mu yi?" Wani kuma ya kira ya ce, "Shugaba, ka yi shiru da maganar nan, kada a ce muna adawa da aikin raya ƙasa." Dukkansu namu ne. To yau zan amsa musu gaba ɗaya, a bainar jama'a, don kada gobe a ce na faɗi abin da ban faɗa ba.

Ni ina son titi. Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda cikin dare ya maƙale a cunkoso, ba sai an yi masa wa'azin amfanin titi ba. Amma ni ɗin nan da kuke gani, ina aji biyu a sakandare aka shafa wa gidanmu jan fenti. Aka yanke zaure da shaguna biyu da mahaifina yake karɓar hayarsu yana biya mana kuɗin makaranta. Aka ce diyya tana tafe. Ya yi ta sintiri a ofis da takardu cikin leda, yau a ce shugaba ya yi tafiya, gobe a ce fayil ya hau sama. Da kuɗin suka fito bayan shekara uku, ko rabin bulon da aka rushe ba su saya ba. Abin da ya fi yi masa ciwo har ya rasu, Allah Ya jiƙansa, shi ne ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ashe a ciki an rubuta ya amince ba shi da sauran magana. Saboda haka idan na yi zafi a kan batun nan, ku yi min uzuri.

Bari mu fara da abin da ba ma son ji. A dokar Najeriya, ƙasar da ka gina gidanka a kai ba taka ba ce irin yadda kake zato. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Filaye, wadda ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana ga jama'a. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Mu a Arewa ma ba sabon abu ba ne, tun dokar Turawa ta 1910 da dokar filaye ta gwamnatin Jihar Arewa ta 1962 haka tsarin yake. Kuma an cusa dokar 1978 ɗin cikin kundin tsarin mulki, a sashe na 315, yadda gyara ta sai an bi duk hanyar da ake bi wajen gyara kundin kansa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma har yau dokar tana nan daram.

Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke haƙƙinka idan ana buƙatar wurin don amfanin jama'a, kuma titi yana ciki. Don haka duk wanda ya zo ya ce muku ku haɗo kuɗi zai hana titi wucewa, wallahi cin kuɗinku zai yi. Titin zai wuce. Abin da za mu yi faɗa a kai shi ne yadda zai wuce, da abin da za a ba mutum kafin katafila ta iso.

Nan ne doka take tare da ku, amma ba a faɗa muku.

Jan fenti ba sanarwa ba ce. Ku riƙe wannan. Doka ta ce sai an ba mai wuri takardar sanarwa, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, kuma a isar da ita gare shi. Ba a rediyo kawai ba, ba a bakin mai unguwa kawai ba. Kotun Ƙoli ta sha rushe ƙwacen fili saboda ba a isar da takardar nan ba, ta kuma yanke cewa ba a karɓe wurin wani da sunan amfanin jama'a sannan a juya a miƙa wa wani ya yi harkar kansa. Wannan na biyun ku sa masa ido sosai. Mun sha gani: a ce titi na buƙatar mita kaza, a rushe har ninki, bayan an zuba kwalta sai ka ga ragowar ta zama fulotai, an dasa gidan mai ko jerin shaguna, mai gidan asali yana haya a bayan gari. Ku nemi a nuna muku zanen aikin, ku san iyakar titin da magudanar ruwa. Idan titin gwamnatin tarayya ne, ma'aikatar ayyuka tana ƙirga mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare a matsayin hurumin hanya. Ku ɗauki tef ku auna da kanku tun yanzu.

Sai diyya. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a karɓe kadarar mutum da tilas sai an biya shi diyya cikin gaggawa, kuma yana da damar zuwa kotu a kan haƙƙinsa da kuma yawan abin da aka ba shi. Diyya ba alfarma ba ce, ba kyautar Mai Girma ba ce da za a tara ku a rana ku yi ta tafi. Bashi ne.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 29 na dokar filaye bai ce a biya ka kuɗin ƙasar kamar yadda dillali zai yi mata kuɗi a kasuwa ba. A kan ƙasar kanta, abin da ya tanada shi ne kwatankwacin kuɗin hayar ƙasa da ka biya gwamnati a shekarar. Abin da ake biya da gaske shi ne abin da ka ɗora a kai: gini, katanga, rijiya, shuka, bishiyoyi. Ginin ma ana ƙiyasta abin da zai ci a sake irinsa, sannan a cire tsufan da ya yi. Kun ga matsalar? Dattijon da ya gaji gidan ƙasa a tsakiyar gari, wurin da filinsa kaɗai ya kai miliyoyi, sai a auna masa jar ƙasa da azara da tsohon kwano, a ba shi abin da ko awon igiya a ƙauyen gefen gari ba zai saya ba. Mai bene da tayil da gilashi shi ne zai kwashi kuɗi. Dokar tana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. A ganina wannan zalunci ne da aka rubuta a takarda, kuma 'yan majalisarmu na tarayya da muke yi wa yawon kamfe, wannan na cikin abin da ya kamata mu tsare su a kai idan sun dawo neman ƙuri'a.

Akwai kuma abin da kusan babu wanda yake nema: dokar ta ce idan an jinkirta biya, a haɗa da ƙari a kan lissafin banki na tsawon jinkirin. Na san wasu malamanmu za su ce a yi hattara da wannan, kuma kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai abin da na sani, buhun simintin da aka ƙiyasta maka bana ba shi ne na shekara uku masu zuwa ba. Jinkiri kansa ragin diyya ne.

Masu gonaki da lambuna, ku ma ku saurara. Farashin da gwamnatin tarayya ta daɗe tana biyan bishiyoyi da amfanin gona da shi na 2008 ne, sai a 2024 ma'aikatar gidaje ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa ta sabunta shi, ya ɗaga sosai. Idan an zo ƙirga mangwaro da ɗorawa da gwaiba, ku tambaya da wane jadawali ake lissafi, tsoho ko sabo.

To me za ku yi daga gobe da safe? Kowa ya ɗauki wayarsa ya ɗauki hoton gidansa da bidiyo, ciki da waje, ɗaki ɗaki, har banɗaki da rijiya da mitar wuta. Ranar da katafila ta wuce, hujjarka ta zama ƙura. Ka fito da duk takardar da kake da ita: shaidar mallaka idan akwai, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, takardar rabon gado ta kotu, rasitin haraji. Kada wanda ba shi da satifiket ya karaya. Dokar ta amince da waɗanda suke zaune a wurarensu tun kafin 1978 a matsayin masu haƙƙi, ko ba su da takardar gwamna. Ka yi kwafi, kada ka taɓa miƙa ta asali ga kowa, ko da ni ne.

Ranar ƙiyasi ka tsaya da ƙafarka. Kada ka aika yaro. Abin da aka auna a rubuta a gabanka, ka ɗauki hoton takardar. Kuma ku haɗa kai, layi guda ku yi karo-karo ku ɗauki ƙwararren mai ƙiyasta kadarori mai rajista ya yi muku nasa lissafin. Mutum ɗaya ba zai iya biyansa ba, gida talatin za su iya. Idan lissafinku da na gwamnati sun saɓa, doka ta ce a kai saɓanin gaban kwamitin rabon filaye na jiha, bayan nan ga babbar kotu. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Idan an ce za a ba ku wani wuri a madadin kuɗi, ku je ku gani da idonku kafin ku amsa, domin wanda ya karɓi musanya ya rufe ƙofar neman diyya, kuma idan sabon wurin ya fi tsohon daraja, bambancin bashi ne a kansa.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Gidajen gado da ba a raba ba su ne suka fi kawo kuka. Sunan babban wa ake rubutawa, kuɗi su faɗa asusunsa, ƙannensa mata da marayu su ji a salansa. Ku zauna yanzu a rubuta sunan kowane magaji, tun kuɗin ba su zo ba. Su kuma 'yan haya masu shaguna, mai shayi, mai faci, mai ɗinki, doka ba ta tanadar musu komai a fili ba, alhali su ne za su fara kwana da yunwa. Dole kwamitinmu ya sa su cikin buƙatunsa, ko wa'adi mai tsawo, ko wani wurin kasuwanci.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan siyasa, don ba zan tsaya nan in yi kamar mu mala'iku ba ne. Kowa a ɗakin nan ya san yadda sunayen bogi ke shiga jerin masu karɓar diyya. Ya san masu kafa rumfar kwano cikin dare idan sun ji ƙishin-ƙishin titi zai biyo. Ya san masu cewa "kawo kashi goma in fito maka da naka." Wasunsu da hularmu a kansu suke yi. Duk kuɗin da ɗan bogi ya karɓa, daga bakin mai gidan gaskiya aka cire. Na rantse da Allah, duk matashin da na kama da hannu a wannan, ni zan fara kai sunansa, ko tare muka yi yawon manna fosta.

Masu cewa in yi shiru kuma, ku tambayi dattawan Talata Mafara labarin Bakolori. Madatsar ruwa aka gina, aikin alheri ne a takarda. Manoma suka yi ta kukan gonakinsu da diyyarsu ba a saurare su ba, har suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da dama. Sama da shekara arba'in ke nan, in an ambaci Bakolori ba ruwan noman rani ake fara tunawa ba. Ko kwanan nan, a 2024, da aka fara titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, maganar rusau da diyya ce ta cika kafafen labarai. Gwamnatin da ta biya mutane kafin ta rushe, ita ke cin ribar titinta ranar zaɓe. Mu da za mu koma ƙofar gidajen nan neman ƙuri'a, mu ne za a nuna wa kufai.

Malamanmu suna ba mu tarihin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya faɗaɗa Masallacin Harami. Sayen gidajen da ke kewaye ya yi, waɗanda suka ƙi karɓa kuma aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka ɗauka. Ɗakin Allah ke nan, ba a ce a rushe kyauta ba, balle kwalta.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada wanda ya jefi direban katafila ko ya taɓa kayan ɗan kwangila. Yaron da ke tuƙa ta ɗan talaka ne irinku, kuma dutse ɗaya ya isa a mayar da maganar haƙƙi ta koma maganar 'yan daba, a kwashe mana yara.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a ofishin mazaɓa. Mun samu lauyoyi biyu cikin 'yan uwanmu da suka yarda su duba takardu kyauta. Kowa ya zo da kwafin takardunsa da hotunan gidansa. Wanda bai iya karatu ba ya zo da ɗansa, wadda ke cikin takaba ta aiko wakili, za mu je har gida. Kafin ranar, don Allah kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a wata takarda.