Masassaƙan Adabka da Kewayenta: Hujjar Kafa Ƙungiya da Ayyukan Gayya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fitar da itatuwa daga ƙasa, ya kuma sanar da ɗan Adam hikimar sarrafa su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne sana'ar sassaƙa a wannan yanki namu na yammacin Zamfara, wato Adabka da sauran garuruwan ƙasar Bukkuyum, da Anka ta gabas da mu, da Gummi ta yamma. Ra'ayin da na zo da shi guda ɗaya ne: zamanin da masassaƙi zai saɓa gatarinsa da asuba, ya shiga daji shi da ɗansa, ya dawo da abin da zai ci da iyalinsa wata guda, ya wuce, kuma muddin masu wannan sana'a ba su haɗu cikin ƙungiya mai tsari ba, wadda za ta mallaki kayan aiki tare, ta sayi itace tare, ta koyar da yara tare, to, lalle jikokinmu za su nemi mai fafe turmi a ƙasar nan su rasa.

Ya kamata mu fara sanin matsayin abin a wurin magabata, domin a yanzu an wayi gari wasu samari suna jin kunyar a kira su 'ya'yan masassaƙa. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya lissafa tushen sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su laifin yana kan kowa. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, aikin itace yake yi. Ya kuma zo a Buhari cewa mumbarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wani bawan wata mata Ba'ansariya ne ya sassaƙa shi daga itacen dajin Gaba, kusa da Madina. Ibn Haldun ya keɓe wa wannan sana'a fasali guda a cikin Muƙaddima, inda ya nuna cewa ba ta kyautatuwa sai da sanin awo da lissafi. A ƙasarmu kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, ya sanya kula da masu sana'a, har da masu aikin itace, da rarraba su a garuruwa gwargwadon bukata, a cikin wajiban shugaba. Saboda haka roƙon da zan yi wa iyayenmu sarakuna a ƙarshe tsohon hakki ne da aka riga aka rubuta.

Duk wanda ya shiga gidan Bazamfare ya duba da idon basira zai ga hannun masassaƙi ta kowace kusurwa: turmi da taɓarya a tsakar gida, muciya a madafa, akushi da kujerar zaman mata a ɗaka, ƙotar fartanya da ta garma a zaure, allon yaro a rataye, sa'an nan kurtun ganga da na kalangu a gidan makaɗa. Kowanne da itacensa, kuma a nan ne ilmin yake. Ƙirya ce uwar turmi da taɓarya saboda taurinta da ƙin gara. Aduwa ake nema don allo domin fuskarta tana yin sumul tana kuma jure wanki. Alilliba ta makaɗa ce. Danya tana da sauƙin fafa. Maɗaci da ƙawo na manyan ayyuka ne. Na so a ce kowane ɗalibi a nan ya taɓa zama gaban dattijon masassaƙi yana fitar da turmi. Zai ga ya kewaya gungumen yana ƙwanƙwasa shi da bayan gatari, yana sauraren amonsa don ya gane ko akwai kogo a ciki. Sa'an nan ya sassabe ɓawon, ya sa gizago ya fitar da ƙugu da gindi, kana ya tayar da shi tsaye ya fara cin cikinsa kaɗan kaɗan, yana zura hannu yana auna kaurin bango da tafinsa, domin in ya yi garaje ya zarce, turmin ba zai kai damina biyu ba zai fashe. In ya gama ba ya barinsa a rana, sai ya jingine shi a inuwa ya sha iska a hankali. Wannan sani babu shi a takarda, a hannun tsofaffi yake, tsofaffin kuwa suna ta tafiya.

Masifun da suka auka wa sana'ar ba ɓoyayyu ba ne. Dazuzzukan da ake samun manyan itatuwa, irin su Gando da Sunke, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, har ta kai mai neman gungume ɗaya yana saka ransa a cikin hatsari, alhali shari'a ba ta yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka don neman abinci ba. Abin da ya rage kusa da gari kuma masu gawayi sun riga shi, domin ƙiryar da take ba da turmi mafi ƙarko ita ce take ba da gawayi mafi zafi, tun can maƙera sun san haka, yanzu kuma birane sun sani. Itacen da ya shekara aru-aru yana girma a ƙone shi cikin kwana uku, a dafa shinkafa da shi. Idan wannan bai shiga babin israfi ba, to, me zai shiga? Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga Taraba da wasu jihohi ana kaiwa ƙasar Sin, an sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu a 2016, aka kuma bi ta da ƙawo da maɗaci na Afirka a taron Panama na 2022. Batun roba da kwanon silba da suka kori akushi daga kasuwa, wannan kowa ya gani, ba sai na tsaya a kansa ba.

Akwai kuma darasi mai ɗaci wanda ya shafe mu fiye da kowa. A shekarar 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Bagega da 'Yargalma, inda yara kimanin 400 suka rasu, an fahimci cewa duwatsun zinariya da ake fasawa ana niƙawa a cikin gidaje su ne sanadi, kuma ƙurarsu ta shiga har cikin abinci, domin a tsakar gidan da ake dakan dutse a nan ake surfen gero, wani lokaci ma da kayan daka guda. Allah ya jiƙan waɗannan yara, ya ba iyayensu haƙuri. Itace yana da ƙofofi, abin da ya shige shi ba ya fita da wanki. Da akwai ƙungiyar masassaƙa mai murya a lokacin, da ita ce ta fi cancanta ta shiga gida gida ta ce wa iyayenmu mata turmin da ya taɓa dutsen ma'adini ya haramta ga hatsi har abada, ta kuma samar da sabo a farashi mai sauƙi.

To, wace irin ƙungiya nake nufi? Bari mu leƙa waje kaɗan. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu aikin itace da wani inji, wato injin juyi, wanda yake riƙe katako tsakanin tsini biyu yana juya shi da sauri, mai aiki kuwa ya kafa ƙarfe mai kaifi a jikinsa, itacen ya riƙa fita a mulmule, kamar yadda kafintocin Kano da Gusau suke fitar da ƙafafun gado. Masu wannan sana'a a birnin Landan sun sami takardar amincewar sarki tun 1604, a Amurka kuma an kafa babbar ƙungiyarsu a 1986, tana da rassa ɗaruruwa. Galibin 'yan rassan nan ba da sana'ar suke ci ba, sha'awa ce. Amma tsarinsu abin koyi ne. Sukan haɗu sau ɗaya a wata, gwani ya yi aiki a gaban jama'a ana kallo ana tambaya, kowa ya kawo abin da ya yi a duba a gyara masa, su ajiye kayan aiki na aro ga sabon shiga, in guguwa ta kayar da itace a unguwa su taru su yanka su raba, sa'an nan su ɗauki aiki guda na sadaka, kamar yin akusa a sayar don ciyar da mabukata, ko ƙananan akwatuna ga yara marasa lafiya a asibiti. Abin da suke yi don nishaɗi mu larura ce ta kai mu gare shi, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da mun gaji gayya da adashi da sarautar sana'a.

Fa'idar injin juyi gare mu ita ce yana cin ƙaramin itace. Reshen da masassaƙi yake bari a daji, da guntayen da ake turawa murhu, da darbejiya da mangwaron da aka sare a cikin gari, duk suna iya zama taɓarya, muciya, ƙota, ƙaramin akushi, ƙafar kujera ko sandar dogarawa. Kada a ce sai da lantarki. Masu sana'a a Marrakush ta ƙasar Maroko har gobe suna juya itace da baka da tsirkiya, suna riƙe ƙarfen da yatsun ƙafa. A dazuzzukan Ingila ma, har cikin ƙarni na 20, da igiya da sanda mai lanƙwasa ake fitar da ƙafafun kujeru, ana takawa da ƙafa. Injin niƙan da yake kowane ƙauye namu kuwa, bel ɗaya za a ƙara masa ya ja injin juyi. Sai dai a kiyaye abu biyu. Ɗanyen akushi ba a gama shi a zama guda: a kan bar bangonsa da kauri, kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a ajiye shi watanni ya bushe, kana a mayar da shi kan inji a daidaita. Na biyu, ba a tsayawa gaban inji da babbar riga ko rawani mai jela, kuma dole a kare ido da hanci. Babban turmi dai, a ganina, a bar wa gizago. Hannun dattawanmu ya fi injin da za mu iya saye a yanzu.

Mutum ɗaya ba zai iya sayen inji ba, ba zai iya ɗauko motar itace daga inda ake da aminci ba, ba zai kuma iya jiran akushi wata shida bai sayar ba. Mutum ashirin za su iya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin gayya na farko da nake ba da shawara a kansa shi ne na 'yan gudun hijira. Wanda aka kora daga ƙauyensa da tsakar dare yakan ɗauki yaro da tabarma, ba ya ɗaukar turmi. Shi ya sa za ka tarar da mata a Anka da Gummi da Bukkuyum an ba su tsabar hatsi na agaji, suna bin gidajen mutane suna aron abin daka, suna jiran sai masu gida sun gama. Idan ƙungiya ta ware yini ɗaya a wata ta fitar da turame da taɓare, masu hali su biya kuɗin itace a matsayin sadaka mai gudana, an share hawaye, yaran da ake koya wa sana'a kuma sun sami abin gwada hannu. Haka allunan makarantun allo, da sandunan guragu, da makarar masallaci. Akwai kuma batun jiragen ruwa: bayan kifewar kwalekwalen da ya ɗauko manoma a kusa da Gummi a watan Satumba na 2024, wanda aka yi asarar rayuka masu yawa a cikinsa, ya wajaba masana itace su haɗa kai da sarakunan ruwa, a duba kowane jirgi da yake aiki a Gulbin Zamfara kafin ruwa ya kawo, a toshe na toshewa, a fitar da wanda ya ruɓe.

Sharaɗin da zan so a rubuta a farkon dokar ƙungiya shi ne dashe. Ƙirya da maɗaci ba sa saurin girma, wanda ya dasa ba lalle ne ya sara ba, amma mu ma ba mu muka dasa waɗanda muke sara ba. Zamfara tana cikin jihohi 11 da Hukumar Babbar Katangar Itatuwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2015, take aiki a cikinsu. Ƙungiya mai rajista tana da bakin neman irin dashe a can, wanda ɗaiɗaikun mutane ba su da shi. A kuma riƙe amanar kuɗi: ma'aji daban, magatakarda daban, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata, domin yawancin ƙungiyoyinmu a bakin akwatin kuɗi suke mutuwa.

Ina roƙon iyayenmu, Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka da Mai Martaba Sarkin Mafaran Gummi da Mai Martaba Sarkin Bukkuyum, da hakimansu, su sa a kira masassaƙan kowace gunduma a san adadinsu, a ba su fili guda kusa da gari don rumfar aiki da wani don dashe. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su sayi inji ɗaya ɗaya don gwaji. Ku kuma dattawan sana'a, don Allah kowannenku ya karɓi yaro biyu waɗanda ba na gidansa ba kafin kakar bana ta shigo. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya buɗe mana dazuzzukanmu.