Jinin Cibiya Da Dashen Ɓargo: Jawabi Ga Iyaye A Jos

Jama'a, bisa al'ada idan mace ta haihu, ungozoma ta yanke cibiya, sai a wanke mabiyiya a binne. To, likitoci sun gano cewa ɗan jinin da ya rage cikin cibiya da mabiyiya yana ɗauke da iri, watau ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, kamar waɗanda ke cikin ɓargon ƙashi. Sai an yanke cibiya ake ɗibarsa, saboda haka ba ya cutar da uwa ko jariri. Sa'an nan a daskarar da shi a ma'ajiya ta musamman, ya yi shekaru bai lalace ba. A birnin Faris aka fara dasa shi cikin 1988, lokacin da Dokta Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro magani da jinin cibiyar ƙanwarsa.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Nijeriya shi ne amosanin jini, watau sikila. Cikin 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar nan. Iyayensu a Jos sun san yadda sanyin hunturu ke tayar musu da ciwo. Dashe yana iya warkar da ita: an yi na farko a ƙasar nan cikin 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, da ɓargon wan yaron.

Amma lalle a lura da abu uku. Na ɗaya, jinin cibiyar mai sikila ba ya warkar da shi, domin cutar tana cikinsa. Sai na wani. Na biyu, ko tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, dacewar jini sau ɗaya ce cikin huɗu. Na uku, aikin yana da tsada da haɗari. Kada kowa ya sayar da gona domin alkawarin wanda ba likita ba. Mai neman bayani ya tafi wurin likitocin jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

Daga ƙarshe, samari da 'yan mata su gwada jini kafin a sa rana. Idan duka biyu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. Rigakafi ya fi magani.