Daga 141 Zuwa 93: Yadda 'Yan Mazan Jiya Suka Sauya Lissafin Yaƙin Yukren

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, musamman don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau lambobi biyu nake so ku riƙe mini: 141 da 93.

Ranar 24 ga Fabrairun 2022 ne sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren. Washegari aka kai maganar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. To sai aka garzaya babban zauren Majalisar, inda babu mai wannan kujerar. Ranar 2 ga Maris ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar, har da Najeriya da Nijar da Ghana. Biyar kacal suka ƙi: Rasha, Belarus, Koriya ta Arewa, Siriya da Eritiriya. Wasu 35 suka yi rowar ƙuri'arsu, cikinsu akwai Sin da Indiya da Afirka ta Kudu.

Kuma abin bai tsaya a baki ba. An cire wasu bankunan Rasha daga tsarin tura kuɗi na SWIFT, an ƙulle kimanin dala biliyan 300 na babban bankinta. Jamus, wadda ta daɗe tana ɗari-ɗari da harkar makamai, ta ware yuro biliyan 100 don sojojinta. A lokacin sai ka rantse Yammacin duniya bakinsu ɗaya.

To amma ga abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba. A ranar da aka fara mamayar, a ranar ce aka buɗe CPAC a Orlando ta jihar Florida, wato babban taron masu ra'ayin mazan jiya na Amurka. Kwana biyu kafin nan, Donald Trump ya kira matakin da Putin ya ɗauka a gabashin Yukren da gwaninta. Da ya hau mumbarin taron sai ya yi tir da harin, ya yaba da jarumtar Zelensky, amma ya nace cewa Putin na da wayo, shugabannin Amurka ne sakarkaru. A 'yan kwanakin ne kuma wani mai neman kujerar sanata daga Ohio, J.D. Vance, ya ce shi bai damu da abin da zai faru da Yukren ba, iyakar Amurka da Meziko ce a gabansa. Aka yi masa caa, har daga cikin jam'iyyarsa ta Republican.

Kun ga ke nan gidan ya rabu biyu. Tsofaffin jam'iyyar irin su Mitch McConnell suna ganin taka wa Rasha birki gado ne tun zamanin Reagan. Sababbin kuwa cewa suke, kuɗin harajinmu a fara kashe shi a gida.

A Turai ma haka. Gwamnatin Poland da ta Hungary duk 'yan mazan jiya ne a lokacin, aminan juna. Poland ta buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijira, ta tura makamai. Viktor Orban na Hungary ya ce makami ba zai bi ta ƙasarsa kai tsaye zuwa Yukren ba, kuma ya ci zaɓen Afrilun 2022 da gagarumin rinjaye. A Italiya, Giorgia Meloni ta tsaya bayan Yukren. Saboda haka wanda ya ce maka duk 'yan mazan jiya na Putin ne, bai bibiyi labarin ba.

To wa ya yi rinjaye? A Afrilun 2024 Majalisar Wakilan Amurka ta amince da tallafin kusan dala biliyan 61 ga Yukren, amma 'yan Republican 112 suka ƙi, 101 suka yarda. Wato masu ƙi sun fi yawa a jam'iyyar. A Janairun 2025 Trump ya dawo mulki, mataimakinsa kuma wannan Vance ɗin dai da aka yi wa caa.

Sai mu zo kan lamba ta biyu. Ranar 24 ga Fabrairun 2025, shekara uku cif da fara yaƙin, aka sake kaɗa ƙuri'a a babban zauren. Ƙasashe 93 ne suka goyi bayan ƙudurin Yukren. Amurka kuwa? Ta ƙi, layi ɗaya da Rasha da Koriya ta Arewa. Kwana huɗu bayan haka duniya ta ga cacar bakin Trump da Vance da Zelensky a fadar White House.

Mu ma nan lissafin ya motsa. Nijar da ta yi tir da mamayar a 2022 ta yanke hulɗa da Yukren a Agustan 2024, bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Kuma duk mai sayen burodi ko buhun taki ya san yaƙin nan bai tsaya a Turai ba, tunda ƙasashen biyu manyan masu fitar da alkama ne, Rasha kuma gaba take wajen taki.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne, matsayin ƙasa a kan yaƙi ba a rubuce yake a dutse ba, zaɓen cikin gida ne ke juya shi. Ƙasar da ta jingina tsaronta da alƙawarin wata, to ta jingina ne da masu ƙuri'ar can, kuma ba ta da ta cewa a akwatinsu. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune: in kana son sanin inda manufar babbar ƙasa ta dosa, bibiyi abin da 'yan adawarta ke faɗa tun yau.

Ku faɗa mana a ƙasa: da ku ne wakilan Najeriya ko Nijar a zauren nan, ina za ku jefa ƙuri'arku, kuma don me? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.