Wa Ke Riƙe da Sandar Shari'a? Jawabi Ga Masu Zaɓe na Bakin Iyaka

Iyayenmu sarakunan zango, limamai da malamai, iyaye mata 'yan kasuwa, direbobi da samari, mutanen Bawku, Pusiga, Kulungugu, Paga, Hamile har zuwa Aflao, muna gaishe ku da kyau.

Duk lokacin zaɓe ana yi muku maganar hanya, da ruwa, da taki, da kuɗin makaranta. Duka suna da muhimmanci. Amma akwai ofis guda a Akra wanda ba a cika ambatonsa a wurin kamfe ba, alhali ranar da ɗanka ya kwana a ofishin 'yan sanda, ko aka ce kai ba ɗan ƙasa ba ne, wannan ofishin ne zai sa ka yi barci ko ka kasa. Shi ne Ofishin Antoni Janar da Ma'aikatar Shari'a. A kansa za mu yi magana.

Mene ne aikin wannan ofis?

Sashe na 88 na tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa Antoni Janar manyan ayyuka. Shi ne babban mai ba gwamnati shawara a kan doka. Shi ne ke da alhakin shigar da duk ƙarar laifi a ƙasar nan da kuma bin ta. Idan gwamnati za ta kai wani kotu, shi ne lauyanta. Idan kai ne za ka kai gwamnati ƙara, sunansa za ka rubuta a matsayin wanda kake ƙara. Lauyoyin ofishinsa ne kuma ke rubuta dokokin da gwamnati ke kai wa majalisa.

Ɗan sandan da kuke gani yana gabatar da ƙara a kotun gunduma, da izinin Antoni Janar yake yi. Idan laifin babba ne, kamar kisa ko fashi, sai a aika fayil ɗin ga lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Kafin shawarar ta dawo, wanda ake zargi yana zaune a kurkuku yana jira. Haka kuma doka ta ba Antoni Janar ikon janye ƙarar laifi kafin a yanke hukunci. Da zarar ya sa hannu, shari'ar ta tsaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan sashe na 88 ya ce Antoni Janar minista ne. Shugaban ƙasa ke zaɓo shi, majalisa ta amince, kuma shugaban ƙasa yana iya sauke shi duk ranar da ya ga dama. Mutum ɗaya ke nan da hula biyu: da safe yana zaune da sauran ministoci yana kare gwamnati, da yamma ana so ya binciki waɗannan ministocin idan sun ci amana. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga ina abin ya faro?

Turawan Ingila sun kafa babbar kotu a Gold Coast da dokar 1876. Lauyan gwamnati na wancan zamani ma'aikacin Gwamna ne, aikinsa kare mulkin Sarauniya. A nan Arewa kuwa, Baturen gunduma shi ne mai mulki, shi ne mai shari'a. Da aka samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, an canza tuta, amma ofishin ya ci gaba da zama na mai mulki.

Mutanen zango ne suka fara ɗanɗana wannan. A cikin 1957 ɗin nan, gwamnati ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manya biyu na Zangon Kumasi kuma jagororin jam'iyyar Musulmi da ke adawa. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan Ghana ne, kuma doka ba ta yarda a kori ɗan ƙasa ba. Kafin kotu ta gama sauraren hujjarsu, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, wadda ta rufe shari'ar. Aka fitar da su zuwa Nijeriya. Ku lura da kyau: ba a kayar da su a gaban alƙali ba, ƙofar kotun aka rufe musu.

A 1958 aka kafa dokar tsare mutum har shekara 5 ba tare da an kai shi kotu ba. Antoni Janar na lokacin Bature ne, Geoffrey Bing, tsohon ɗan majalisar Ingila, wanda ya riƙe ofishin daga 1957 zuwa 1961. Lokacin da aka tsare Baffour Osei Akoto, babban mai magana da yawun Sarkin Asante, tare da wasu mutum 7, J. B. Danquah ne ya tsaya musu, Bing kuma ya tsaya wa gwamnati. A 1961 Kotun Ƙoli ta ce tsarewar ba ta saɓa wa doka ba. Shi kansa Danquah wannan dokar ce ta kai shi kurkukun Nsawam, inda ya rasu a watan Fabrairu 1965.

Mutanen Kulungugu ba sai an ba su labarin 1 ga Agusta 1962 ba. A ranar ne aka jefa wa Shugaba Nkrumah gurneti a garinsu, yana dawowa daga ganawa da Shugaba Maurice Yaméogo a Tenkodogo. Aka kama manyan jam'iyyarsa uku: Tawia Adamafio, Cofie Crabbe da Ako Adjei. A watan Disamba 1963 kotu ta musamman ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Arku Korsah ta ce ba a kawo hujjar da za ta kama su ba. Cikin 'yan kwanaki aka sauke Korsah, aka soke hukuncin, aka sake shari'a, aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Ako Adjei kuwa shi ne ya taɓa riƙe ma'aikatar shari'a a farkon 'yancin kai. Sandar da ya riƙe jiya, ita ta dawo kansa.

Kada wani ya ce laifin gida ɗaya ne. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasar. Dattawan zango suna tuna yadda aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, da yadda motoci suka cika da mutanen da wasunsu a nan aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. A 1970 kuma, da kotu ta ce korar wani ma'aikaci mai suna Sallah daga aiki ba ta bisa ƙa'ida, Firayim Minista ya fito a rediyo ya nuna cewa kotu ba za ta tilasta masa mayar da kowa aiki ba. Zamanin soja ya fi muni: a daren 30 ga Yuni 1982 aka ɗauke alƙalan babbar kotu uku daga gidajensu, Cecilia Koranteng-Addow, Fred Poku Sarkodee da Kwadwo Agyei Agyepong, tare da tsohon soja Manjo Sam Acquah, aka kashe su. Har yau lauyoyi suna tunawa da su kowace shekara.

Bayan 1992 fa?

Gaskiya an samu ci gaba, kuma ba za mu ɓoye ba. Yanzu ba a ɗauke alƙali da dare. Amma hula biyun nan tana nan. Ku tuna kuɗin da aka biya ɗan kasuwa Alfred Woyome, sidi miliyan 51.2. Martin Amidu yana Antoni Janar ya nemi a dawo da kuɗin, sai aka sauke shi a watan Janairu 2012. Bai haƙura ba, ya tafi Kotun Ƙoli a matsayin ɗan ƙasa kawai, kuma a 2014 kotun ta ce a mayar wa gwamnati kuɗinta. Aikin da ofis ɗin ya kamata ya yi, sai da mutum ya bar ofis ɗin sannan ya iya kai shi ƙarshe.

Da mulki ya canza hannu, aka yi doka a 2017 aka kafa Ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman don yaƙi da cin hanci. Amidu ɗin ne ya fara riƙe shi a 2018. A watan Nuwamba 2020 ya ajiye aiki, yana cewa ana sa masa hannu a cikin aikinsa, fadar shugaban ƙasa kuma ta musanta. Ko wa kuka gaskata a cikinsu, abu ɗaya a fili yake: Antoni Janar ne ke gabatar da sunan wanda zai riƙe wannan ofis, kuma da izininsa yake shigar da ƙara, domin doka ta majalisa ba ta iya ture sashe na 88. An yi sabon ɗaki, amma makullin yana hannun da.

Shi ya sa kuke ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa. Sabuwar gwamnati ta hau, ta kai mutanen tsohuwa kotu. Mulki ya juya, a janye wasu ƙararrakin, a buɗe sababbi. Talaka ya rasa gane wanda ya ci kuɗi da wanda aka yi wa bi-ta-da-ƙulli.

Ina ruwan mai sayar da albasa da wannan?

Ruwansa babba ne. Ofishin da hankalinsa ke kan faɗan manya a Akra ba ya samun lokacin fayil ɗin yaron da aka kama da babur a bakin iyaka. Cunkoson masu jiran shari'a ya kai har a 2007 aka fara shirin kai alƙalai cikin kurkuku suna zama a can, suna duba waɗanda aka manta da su. An samu mutanen da suka yi shekaru a tsare ba a yanke musu hukunci ba.

Mu mutanen iyaka muna da ƙarin nauyi. Sunanka Musa ko Hamidu, kana da dangi a Cinkassé ko Bittou, nan da nan a fara tambayar asalinka. To ku riƙe waɗannan, domin suna cikin tsarin mulki, ba alfarma ba ce:

Duk wanda aka haifa bayan tsarin mulkin nan ya fara aiki, idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan Ghana ne. Doka ta hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini.

Idan an kama ka, dole a faɗa maka dalili nan take cikin harshen da kake ji, a kuma sanar da kai cewa kana da damar neman lauya.

Idan ba a sake ka ba, dole a kai ka gaban kotu cikin awa 48. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi. Tun 2016 kuma ta ce babu laifin da doka za ta hana alƙali duba belinsa.

Idan ba ka jin Turanci, kana da haƙƙin tafinta a kotu ba tare da ka biya ko kwabo ba. Idan ba ka da kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a da aka sabunta dokarta a 2018.

Haƙƙin yana rubuce. Abin da ya rage shi ne ofishin da zai tsaya a kansa ba tare da duba launin tutar jam'iyyarka ba.

Abin da muke nema

Na farko, a raba hular biyu. Ministan Shari'a ya zauna a gwamnati, ya ba ta shawara, ya kula da gyaran dokoki. Mai gabatar da ƙarar laifi ya zama wani mutum dabam, mai wa'adi sananne, wanda ba a sauke shi sai ta hanyar da ake sauke alƙalin babbar kotu.

Na biyu, duk ƙarar da aka janye, a rubuta dalili a kai wa majalisa, kowa ya karanta.

Na uku, a sa wa'adin da fayil zai yi a teburin lauyan gwamnati. Idan wa'adin ya wuce, a mayar da mutum gaban alƙali a duba belinsa.

Na huɗu, a kawo lauyoyin gwamnati da na taimakon talaka kusa da gundumomin iyaka, a kuma ɗauki tafintoci na Hausa, Kusaal, Mampruli, Bisa, Moore da Fulfulde aiki na dindindin.

Ba za mu yaudare ku mu ce abu ne na kwana ɗaya ba. Sashe na 88 yana cikin sassan da majalisa ita kaɗai ba ta iya taɓawa. Sai an yi ƙuri'ar raba gardama, aƙalla kashi 40 cikin 100 na masu rajista su fito, kuma kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka fito su ce e. Ma'ana, gyaran nan ba zai yiwu ba sai da ku. Ƙuri'ar tsohuwa a Pusiga daidai take da ta babban lauya a Akra.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, har da namu, ku tambaye shi a gaban jama'a: za ka goyi bayan raba Antoni Janar da Ministan Shari'a, ko da jam'iyyarka ce ke kan mulki? Mai adawa yana saurin cewa e. A ranar da ya hau kujera ne ake gane gaskiyarsa, don haka ku riƙe wannan takarda, ku tuna mana da ita.

Ku duba sunanku a rajista tun da wuri. Ku adana katinku. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, ku taimaka wa tsofaffi da masu ciki su yi nasu, ku koma gida lafiya. Kada ku yarda wani ya ba 'ya'yanku kuɗi su ɗauki makami. Idan rikici ya tashi, ɗan talaka ne ke kwana a kurkuku yana jiran fayil, ba ɗan wanda ya aike shi ba.

Allah ya zaunar da Ghana lafiya, ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙin mutane. Wassalamu alaikum.